Cikin da Malam Ya Ce Ba Nashi Ba Ne

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya, shekaruna ashirin da uku, lokacin da Yayata ta dawo gidanmu a Tafoki ba tare da ta aiko cewa tana tafe ba. Lokacin kaka ne. An kwaso masara daga gona an jibge a tsakar gida, ni da Inna muna zaune muna ɓare ta, sai muka ji tsayuwar babur a ƙofa. Ta shigo da sallama, ɗiyarta mai wata goma a baya, da jaka guda wadda zif ɗinta ya lalace ta ɗaure bakinta da ɗankwali. Duk zuwan da take yi daga Sabuwa, inda take aure, ba ta taɓa shigo mana ba rake ko ƙullin gyaɗa. Ran nan jakar ce kaɗai a hannunta.

Inna ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, Malam ne ya ce ta zo ta huta. Malam shi ne mijinta, mai sayen masara a ƙauyuka yana kaiwa kasuwa, mutum mai son karatu, wanda ba ya fashin zaman zaure wurin malaminsu bayan Magariba. Inna ta dubi Yaya, ta dubi jakar, ta ci gaba da ɓare masararta.

Ni tun ina ƙarama ba ni da baki. A gida Kurma suke ce mani don tsokana, Inna kuwa cewa take yi Allah ya ɗauke mani harshe ya ƙara mani a ido. A kwana biyun farko ban tambayi Yaya komai ba, amma na ga ta ture miyar kuka saboda warin daddawa, ita da take ƙara daddawa a kwanonta. Na ga tana zagayawa bayan rumbu tana tofar da yawu. Na ga in za ta goya ɗiyarta ba ta ɗaure zanen da ƙarfi a ƙirji kamar da. Kuma wayarta ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba, alhali Malam mutum ne da in ta zo gida yake kira ya tambayi inda ta ajiye mashi hula.

A rana ta uku Inna ta tafi barka, muka rage mu biyu a gindin masarar. Na ce, idona a kan hannuna, "Yaya, wata nawa ne?"

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Biyu. Ke kam mayya ce."

Na ce, "To kwanika ce ta sa ya koro ki? Ai ba a kanki aka fara ciki a kan goyo ba."

"Da ita ce da sauƙi," in ji ta. "Cewa ya yi ba nashi ba ne."

Masarar da ke hannuna ta faɗi. Yaya ba ta yi kuka ba, a hankali ta ba ni labarin, tana tsinke gashin masara ɗaya bayan ɗaya. Bayan ta gama wankan jego ta koma ɗakinta, sun yi shawara ba za ta sake ɗaukar ciki ba sai ta yaye. Ta ce za ta je asibiti a yi mata allura, ya ce babu buƙata, shi zai riƙa yin azlu, wato ya janye jikinsa kafin maniyyi ya fita. Ya rantse mata bai taɓa kuskurewa ba ko sau ɗaya. Da ta gaya mashi ta ga alamun ciki, sai ya zauna ya lissafa mata abin da ya karanta a babin tsarki: ruwan da ke fita daga namiji iri-iri ne, maniyyi shi ke wajabta wanka, maziyyi kuwa, wanda ke fitowa tun farkon sha'awa, wanke shi ake yi a yi alwala kamar fitsari. Abin da aka jera shi da fitsari, in ji shi, ta yaya zai zama mutum?

Ta ƙara rage murya. Ta ce akwai abu na biyu. Kusan shekara guda ke nan Malam ba ya cikin lafiyarsa ta wannan fannin, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ma babu. Yana sayo wasu ƙananan kwalabe a kasuwa yana ɓoyewa a aljihun babbar riga, yana zaton ba ta gani. Shi a ganinsa, mutumin da ke fama da ƙyar, kuma yana janyewa, ba shi ne zai yi ciki ba.

Bai sake ta ba. Ya ce ta je gida, ranar Alhamis zai zo ya yi magana da Baba. Mahaifiyarsa kaɗai ya gaya wa. Na san Baba, na kuma san garinmu. In maganar ta fita daga bakin Malam ta shiga kunnen Baba a zaure, ko daga baya an janye ta, ta riga ta zauna a kan Yaya da abin da ke cikinta har su mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne na san amsar. A zangon da ya wuce an koya mana wannan darasi. Malamarmu, wata Hajiya mai faɗin sunan kowace gaɓa kamar tana lissafa kayan miya, ta tsaya a gaban allo ta yi bayani, ni kuwa na ja hijabi na rufe rabin fuskata, amma hannuna bai daina rubutu ba. Na ɗauko littafina na karanta wa Yaya. Ruwan da ke fitowa a farkon sha'awa yana iya ɗauko ƙwayoyin haihuwa. Namiji ba koyaushe yake jin fitar ɗigon farko na maniyyi ba, komai kulawarsa. Shayarwa kuma tana rage yiwuwar ciki ne a watannin farko kawai, in yaro ya fara cin abinci ko al'ada ta dawo, ba abin dogaro ba ce.

Yaya ta saurara har na gama. Ta ce, "Kurma, ni kike karanta wa? Ni ai na san ban san wani namiji ba. Shi za ki karanta wa."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce ta sani, ta tashi ta ɗauki ɗiyarta da ta farka.

Tsakanina da Malam akwai wasa irin na ƙanwar mata da mijin yaya, sai dai wasan gefe ɗaya ne. Shi ke tsokana, ni ina sunkuyar da kai. Tun da na shiga makarantar lafiya ya raɗa mani Likita, in ya gan ni sai ya miƙo hannu ya ce a duba shi kyauta. A shekara biyar da auren Yaya ban jin na taɓa jera mashi magana uku. Kwana biyu ina gwada yadda zan fara, ina wanke-wanke ina motsa baki, kalmomin suna maƙalewa.

Abin da ya ba ni ƙofa wani abu ne da na daɗe da gani ban faɗa ba. Da ya zo gaisuwar Babbar Sallah na lura ya huda sabon rami a madaurin agogonsa, hannun ya rame. Na lura ya shanye ruwa moɗa uku a zama ɗaya, ya kuma zagaya bayan katanga har sau biyu kafin La'asar. Washegari da na je shara na tarar da kiyashi sun yi dafifi a daidai wurin. A lokacin na ce ba ruwana. Yanzu da Yaya ta faɗi maganar kwalabe, sai abubuwan suka haɗu a kaina, domin a darasi guda aka gaya mana ciwon suga da hawan jini suna lalata jijiyoyin da ƙarfin namiji ya dogara a kansu. Ranar Laraba na shiga gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke da ciwon suga, na aro na'urarta ta gwaji.

Ranar Alhamis ya iso da hantsi. Baba yana gona wurin yankan dawa, ba zai dawo ba sai Azahar. Malam ya zauna a zaure kan tabarma, ya cire hula ya aje a gwiwa. Yaya ta shige ɗakin Inna ta saki labule. Ni aka ba ruwa in kai.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce, ba Likita, ba komai. Ya shanye moɗar, na ƙara, ya shanye.

Na ce, "Malam, kullum kana cewa a duba ka kyauta. Yau na zo da kayan aiki."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. "Yau ba ranar wasa ba ce."

"Jarrabawa za a yi mana a kai. Na gwada Inna, na gwada Gwaggo, saura namiji. Ka karya?"

"Ban ci komai ba tun jiya." Ya yi tsaki, amma ya miƙo hannun. "Ke da ko kaza ba ki iya yankawa, ki yi a hankali kar ki cire mani yatsa."

Na soki yatsan, na ɗiga jinin. Muka zuba wa na'urar ido mu biyu. Lambar da ta fito ta wuce ta Gwaggo a ranar da ta sha fura da suga a gidan biki. Na juya mashi ya gani, na gaya mashi inda ya kamata ta tsaya ga wanda bai karya ba.

Ya ce, "Na'urar tsohuwa ce."

Na ce, "Ƙishirwa fa? Da yawan zagayawa? Da ramar?"

Ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon.

A nan ne ya kamata in tashi. Na kafa idona a kan wani zaren tabarma da ya warware kusa da ƙafata, na ce wa zaren, ba shi ba, "Wannan ciwon yana rage wa namiji ƙarfi. Ba tsufa ba ne, ba sammu ba ne, kuma ana maganinsa. Abin kwalba na kasuwa ba ya yi, wani ma ƙara ɓata jini yake yi."

Na ji numfashinsa ya canza. "Ita ta gaya maki?"

"Ita ta gaya mani. Ba ta da wanda za ta gaya wa."

"To tunda ta gaya maki, kin san sauran. Ke da bakinki kin ce ba ni da lafiya. Mara lafiya, mai azlu, ina ya ga ciki?"

"Rashin ƙarfi daban, rashin iri daban, Malam. Kuma maziyyi yana iya ɗauko iri."

Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Kunnuwana suka yi zafi kamar an kara su a murhu. Shi ma ya kawar da kai ya dubi ƙofar zaure, ko wani na wucewa.

"A'uzu billahi," in ji shi. "Yanzu abin da ake koya maku ke nan? Ke kin fi malamai sani? Maziyyi wanke shi ake yi a yi alwala. Je ki tambayi duk wanda ya yi karatu."

"Malamai gaskiya suka faɗa. Amma hukuncin tsarki suka yi maka bayani, yadda za ka yi salla. Ba su ce maka ba ya sa ciki ba. Ka tuna, akwai inda malaminku ya ce haka?"

Na ga yana bin karatun a kansa, leɓensa yana motsi. Malam ba ya yi wa karatu ƙarya, wannan na sani game da shi.

"Bai ce ba," ya faɗa daga baya. "Amma hankali ai ya nuna."

Na ce, "Kai mai masara ne. Bayan an kwashe gona, in ruwa ya sauka, gyauro yana fitowa ko ba ya fitowa?"

"Yana fitowa."

"Wa ya shuka shi?"

"Ba kowa. Abin da ya zube ne."

"Daga masarar wa ya zube? Ta maƙwabci?"

Ya ɗauki hularsa ya juya ta, ya sake juya ta. Ni kuwa ƙarfina ya ƙare, ina jin in na ƙara kalma ɗaya kuka zai biyo ta.

Ya ce, "Ke yarinya ce. Abin da aka rubuta maki a allo kike maimaitawa."

Na ce haka ne. Na gaya mashi ranar Litinin zan fara aikin koyo a wani ƙaramin asibiti a Ƙanƙara, kuma shugaban wurin dattijo ne mai furfura, Alhaji, wanda ya girme shi, ya kuma yi karatun zaure kamarsa. Ya je ya tambaye shi, namiji da namiji, a kuma sake gwada jinin da na'urar da ba ta Gwaggo ba. In Alhaji ya ce ƙarya nake yi, Baba yana nan, ba inda zai je. Abu ɗaya na roƙa, kada ya yi maganar yau.

Na kwashi moɗa da na'ura na shige gida. A bayan ƙofar na tarar da Yaya tsaye, ta toshe bakin ɗiyarta da nono don kada ta yi motsi. Ta kama kunnena ta ja kaɗan.

Da Baba ya dawo suka yi Azahar tare, aka kai masu tuwo. Ina daga tsakar gida ina kasa kunne. Sun yi maganar farashin taki, da tsutsar da ta ci masarar bana, da hanyar da ba a bi in rana ta yi sanyi. Baba ya tambaye shi yaushe zai ɗauki iyalinsa, ya ce akwai gyaran da yake yi a ɗakin, sai an gama. Kafin La'asar ya hau babur ya tafi saboda hanya.

Ranar Litinin na fara aiki a Ƙanƙara, ina kwana gidan wata ƙanwar Inna. Bai zo ba. Talata ma bai zo ba. Duk babur da ya tsaya sai na leƙa ta tagar ɗakin rigakafi, har ma'aikaciyar da nake ƙarƙashinta ta tambaye ni ko saurayi nake jira. Ranar Laraba ina auna nauyin wani jariri na hango jan babur ɗin Malam mai igiyar ɗaure buhu a baya, an jingine shi a gindin dalbejiya. Ya shiga layi kamar kowa, ya karɓi kati, ya zauna a benci tsakanin wata tsohuwa daga Mabai da wani mai ciwon ƙafa. Da aka kira shi ofishin Alhaji, aka rufe ƙofa.

Alhaji ba ya wuce minti goma da mara lafiya. Ran nan har tsohuwar ta fara mita, tana cewa ko haihuwa mutumin yake yi a ciki. Sau ɗaya na ji dariyar Alhaji ta ratso ƙofar. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba har yau, ban kuma tambaya ba.

Ya fito da takarda a hannu, ya tsaya yana waige-waige. Na so in ɓuya, amma ya riga ya gan ni.

"Likita," ya ce. "Zo ki karanta mani wannan rubutun naku na kaji."

Na karanta mashi. Gwaji ne za a ƙara yi a babban asibiti, da magani, da jerin abin da zai rage ci.

"Har da rake?"

"Har da rake."

"Mutumin Sabuwa a hana shi rake." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da ƙananan kwalabe biyu, ya jefa a kwandon shara da ke bakin ƙofa. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Tana cin abinci kuwa?"

Na ce, "Ban da daddawa."

Ya gyaɗa kai ya tafi.

Ranar Asabar na koma Tafoki, shi ma ya zo biko. Na ɗauka Yaya za ta ɗauki jakarta da gudu. Ta bar shi a zaure har inuwa ta juya, sannan ta aike ni da saƙo: maganar ba a zaure ta fara ba, kuma akwai kunnen da ya ji ta. Wanda ya ji an ɓata ta, shi zai ji an wanke ta. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, wannan karon ina kallon fuskarsa. Ya ce, "Ku 'yan gidan nan, ashe shirun naku na mugunta ne." Ya hau babur ya koma shi kaɗai.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Malam ya fito, ya buɗe wa mahaifiyarsa, Hajiya, tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana zuwa ko'ina. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna. Sai a ranar Inna ta ji abin da ya faru, a bakin Malam, yana durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce ya yi wa matarsa zato a kan jahilcinsa, ya ɗauki karatun tsarki ya yi hukuncin da ba a ba shi ba. Ya ce cikin nashi ne, ya faɗa sau biyu. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce Baba ba zai ji wannan ba, kuma kada Allah ya maimaita.

Hajiya ta jawo Yaya kusa da ita, ta dafa mata ciki da tafin hannu. "Tun ranar na ce mashi ubansa ma haka ya yi ta lissafi, ga shi su tara na haifa. Bai ji ba." Ta juyo ta neme ni a bayan Inna inda na rakuɓe. "Ke ce Likitar? Matso in gan ki. An ce ke kika tsare shi a zaure."

Na matso. Ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce in na gama makaranta gwiwarta tana jirana.

Yaya ta shiga ta haɗa kayanta ba gaggawa. Inna ta cika mata buhu da sabuwar masara, Malam ya ɗauka da kansa ya kai mota. Da za ta shiga, Yaya ta tsaya ta ce mashi, a gaban mahaifiyarsa, in ta haihu ta gama wanka ita za ta zaɓi hanyar tazara, kuma a asibiti. Ya ce to. Ta miƙa mashi ɗiyar ya riƙe, ta gyara zama a gaba.